Scarlett 2i2 zubi na huɗu: USB ya isa, ko sai an kai ga Thunderbolt?

Idan ka juya bayan wannan jan akwatin na Focusrite, za ka tarar da ramukan USB-C guda biyu masu kama ɗaya. Ɗaya na kwamfuta ne, ɗayan kuma an rubuta masa 5V DC. Wanda ya soka wayar kwamfuta a na biyun zai ga fitilu sun kama, ya buɗe manhajar haɗa waƙa irin FL Studio ko Cubase ya yi ta neman na'urar bai gan ta ba, domin ramin nan wuta kawai yake karɓa, ba ya kai sauti ko'ina. Tun daga nan ya kamata mai saye ya riƙe abu ɗaya: kamannin rami daban, abin da ke tafiya a cikinsa daban.

Scarlett 2i2 shi ne irin akwatin da masu situdiyo ke kira sawun-kad. Aikinsa ya karɓi murya daga makirfo ko sauti daga fiyano da gita, ya mayar da su lambobin da kwamfuta ke ganewa, sannan ya dawo da abin da kwamfutar ta sarrafa zuwa lasifika da hedfon. Kamfanin Focusrite na Ingila, wanda Rupert Neve ya kafa a 1985, ya fara fitar da 2i2 a 2011. Zubi na biyu ya zo a 2016, na uku a 2019, wannan na huɗun kuma a 2023, a kan dala 200 a kasuwar Amurka. Yana ɗaukar sauti har zuwa bit 24 da kilohaz 192, wato yana auna sautin sau 192,000 a sakan, kowane awo da bit 24, kuma yana iya ƙara wa makirfo ƙarfi har desibel 69, wanda ya ishi makirfo mai rowar murya irin Shure SM7B ba tare da an ƙara wani akwati a tsakani ba.

Amma duk da bakin USB-C da yake da shi, cikinsa USB 2.0 ne, fasahar shekarar 2000. A nan ne masu saye ke fara jin kamar an yi musu wayo, kuma a nan ne mai shago ke samun ƙofar cewa gara ka ƙara kuɗi ka ɗauki mai Thunderbolt, wata hanyar haɗa na'ura da kwamfuta da ta fi USB 2.0 gudu. Lissafi kaɗan ya isa ya warware maganar. Layin sauti ɗaya a bit 24 da kilohaz 48 yana cin 24 sau 48,000, wato megabit 1.15 a sakan. Ko ka ɗaga shi zuwa kilohaz 192, megabit 4.6 ne. Layi biyu na shiga da biyu na fita a wannan ƙololuwar ba su kai megabit 19 ba, alhali USB 2.0 hanya ce ta megabit 480. Katin USB na miksar Behringer X32 yana kai layi 32 ya dawo da 32 a kan wannan USB 2.0 ɗin, kuma MADIface USB na kamfanin RME yana ɗaukar 64 shiga, 64 fita. Saboda haka soka 2i2 a shuɗin ramin USB 3.0 ba ya ƙara masa gudu, ba ya kuma gyara murya ko da ƙwayar zarra. Akwai dalilin da zai sa ka nemi shuɗin ramin, amma dalilin wuta ne.

Tsohon ramin USB 2.0 miliamfa 500 aka wajabta masa ya bayar a kan bolt 5, na USB 3.0 kuma 900. Wannan zubin na 2i2 yana son 900. Idan ramin ya gaza, ba lallai ne na'urar ta ƙi kamawa ba, kuma shi ya sa matsalar ke da wuyar ganewa. Tana iya yin aiki lafiya har sai ka danna maɓallin 48V da ke tura wuta ga makirfon kondensa, irin na situdiyo da ba ya aiki sai da wuta, ko ka ɗaga hedfon, sannan ta yanke, kwamfuta ta yi ƙarar cire na'ura, manhaja ta tsaya cak a tsakiyar baiti. Maganin shi ne ramin nan na biyu: a haɗa shi da cajar bolt 5 mai kyau ko fawa-banki, kwamfutar ta ci gaba da ɗaukar sauti kawai. Haka ake yi idan za a yi aiki da iPad mai USB-C don kada batirinsa ya zube.

Cin wuta daga kwamfuta yana da wani amfani da ba a cika lissafa shi a ƙasashen da lantarki ba ya yankewa ba. Idan laftof ce, NEPA ta ɗauke a tsakiyar ɗauka, lasifikoki za su mutu amma sawun-kad da hedfon suna nan a kan batiri, mawaƙi ya ƙarasa baitinsa. Akwatin da ke da nasa adaftan bango, irin Apollo Twin, yana mutuwa tare da wutar, wani lokaci ya ja manhajar ta daskare. Duk mai aiki tsakanin NEPA da janareto ya sa wannan a ma'auni kafin ya dubi wani abu.

Sai maganar jinkiri, wadda ita ce hujjar masu Thunderbolt ta gaskiya. Kwamfuta ba ta sarrafa sauti ɗigo-ɗigo. Tara shi take yi a wani ɗan ma'aji, bofa, sai ya cika ta ɗauka. A kilohaz 48, bofa 128 na nufin milisakan 2.7, 256 milisakan 5.3, 512 milisakan 10.7, 1024 kuma ya haura 21. Murya tana biyan wannan harajin sau biyu, a shiga da kuma a fita, sannan a ɗora ɗan lokacin da na'urar ke ci wajen juya sauti da wani ma'ajin tsaro da direba, wato 'yar manhajar da ke haɗa na'urar da kwamfuta, ke ɓoyewa. Idan jimillar ta wuce milisakan goma ko makamancin haka, mai rera waƙa yakan fara jin muryarsa kashi biyu a kunne, wadda ke cikin kansa da wadda ke biyo baya, sai ka ga yana ta zame wa kiɗa ba laifinsa ba. Thunderbolt yana magana da kwamfuta ta hanyar PCIe kai tsaye, tamkar katin da aka dasa a cikin uwar allo, shi ya sa yake iya aske 'yan milisakan daga wannan jimillar. 'Yan milisakan ɗin na gaske ne. Sai dai sauti a iska yana cin kusan milisakan uku kafin ya yi tafiyar mita ɗaya, don haka wanda ya ja kujerarsa baya daga lasifika da taku ɗaya ya riga ya zubar da ribar da ya biya kuɗi mai yawa a kanta.

Ga mai ɗaukar murya, 2i2 yana da gajeriyar hanya. Maɓallin Direct yana tura makirfo zuwa hedfon tun kafin sautin ya shiga kwamfuta, jinkiri ya zama babu. Danna ɗaya yana sa layukan biyu a tsakiya, danna na biyu ya raba su hagu da dama. Abin kula shi ne a kashe sauraron layin a cikin manhaja, in ba haka ba za a ji murya biyu, mai sauri da mai jinkiri, ta fito kamar daga cikin bututu. Inda wannan dabarar ke ƙarewa shi ne wajen Auto-Tune, manhajar da ke daidaita muryar mawaƙi. Mawaƙin da ya saba jin muryarsa a gyare yayin da yake rerawa dole sautin ya ratsa kwamfuta, kuma a nan sai a sauke bofa zuwa 64 ko 128 lokacin ɗauka, a kashe manyan kayan gyara da ke kan layin ƙarshe, a mayar da ita 512 ko 1024 idan an zo haɗa sauti. Idan kwamfutar ta fara tartsatsi a 128, ƙarfinta ne ya gaza, kuma canza rami ba zai ƙara mata ƙwaƙwalwa ba.

Direba ya fi rami muhimmanci, musamman a Windows. A Mac ana soka 2i2 ya kama, domin Core Audio, tsarin sautin Mac, ya san shi. Windows 10 ma tun sabuntawar 2017 yana gane irin waɗannan na'urori da kansa, amma wannan na sauraro ne, aikin situdiyo sai ASIO, tsarin direba mai ƙarancin jinkiri da kamfanin Steinberg ya fito da shi. Karon farko da ka haɗa akwatin zai bayyana kamar filash, da wata 'yar hanya da ke kai ka shafin kamfanin. Sauke Focusrite Control 2, ka girka, ka sake kunna kwamfutar, sannan a cikin manhajarka ka zaɓi Focusrite USB ASIO. Mutane da yawa suna barin ASIO4ALL ko FL Studio ASIO saboda su suka saba gani, alhali waɗannan riga ce kawai aka sanya wa direban Windows, sun fi jinkiri kuma sun fi saurin ƙwacewa. Direban Focusrite yana da kyau daidai kuɗinsa, ko da yake bai kai na RME juriya a ƙaramar bofa ba, kuma wannan bambancin a kan USB 2.0 ɗaya ake samunsa, abin da ke nuna maka inda gizo ke saƙa.

Idan sauti yana yin ƙas-ƙas ko yana yankewa, akwai dalilin da ya sa ba ya gyaruwa da kansa. Fayil ɗin da kake kwafa zuwa filash, in wani yanki ya lalace a hanya, ana sake turo shi. Sauti a USB kuwa yana tafiya ne a kan ƙa'idar lokaci, kashi 8,000 a kowane sakan, kuma wanda ya makara ya wuce ke nan, gurbinsa ne kake ji a matsayin ƙas. Masu jawo makarar sanannu ne. Na farko ɗan akwatin raba ramuka da aka cika da linzami, filash da had-dis na ajiyar fayil: sawun-kad ya samu raminsa shi kaɗai a jikin kwamfuta, idan ta tebur ce a ramukan baya, don na gaba siririyar waya ce ta haɗa su da uwar allo. Na biyu waya. USB 2.0 ba ya son ta wuce mita biyar, gajera ta fi, kuma wayoyin caji da yawa ba su da zaren ɗaukar bayanai sam. Na uku tsimin wutar Windows: a shiga saitin wuta a zaɓi cikakken ƙarfi, a kashe dakatar da USB na wucin gadi, a kuma shiga Device Manager a cire alamar da ke ba kwamfuta izinin kashe ramukan don ajiye batiri. Na huɗu direban Wi-Fi ko na katin hoto da ke riƙe kwamfuta fiye da kima. Manhajar LatencyMon kyauta ce, ka bar ta tana gudu minti goma kana kunna waƙa, za ta faɗa maka sunan mai laifin.

Thunderbolt yana da nasa tarkon, kuma shi ya fi cin kuɗin mutane. Intel da Apple suka fito da shi a 2011 da gigabit 10, na biyu ya zo a 2013 da 20, duka da bakin Mini DisplayPort. Daga na uku, a 2015, ya koma gigabit 40 kuma ya ari bakin USB-C. Sakamakon haka, rami biyu na iya zama iri ɗaya a ido amma ɗaya kawai ke da Thunderbolt a ciki, kuma alamar ita ce ɗan zanen walƙiya a gefensa. A cikin laftof ɗin tokumbo da suka cika kasuwa, HP EliteBook 840 G3 tana da USB-C amma ba Thunderbolt ba ne, 840 G5 da ThinkPad T480 kuwa suna da shi. Na'urar USB tana aiki a ramin Thunderbolt 3 ko 4, amma na'urar Thunderbolt ba ta aiki a ramin USB-C zalla, kuma babu adaftan da zai sa ta yi. Wayar Thunderbolt ma ta daban ce, mai alamar walƙiya, mai tsada, ba kasafai take zuwa a cikin kwali ba. Apollo Twin X mai Thunderbolt ya ninka kuɗin 2i2 sama da sau huɗu. Abin da kake biya a can shi ne ƙwaƙwalwar sarrafa sauti da ke cikin akwatin, wadda ke ɗora kayan gyara a kan murya kafin ta isa kwamfuta, da ingancin kayan ciki. Wanda aikinsa ke bukatar hakan, ko yake kaɗa ganguna da fiyano na cikin kwamfuta a bofa 32, kuɗinsa bai faɗi ba. Mai makirfo ɗaya da fiyano ɗaya kuwa, gara ya zuba bambancin a gyaran ɗaki.

FireWire, wata tsohuwar hanyar haɗa na'ura da kwamfuta, ba ya bukatar dogon bayani. Za ka ga tsofaffin sawun-kad irin Saffire da M-Audio da araha mai jan hankali, amma ramin ya ɓace daga sababbin kwamfutoci, direbobin sun tsaya, a Windows sai da katin da ke da ƙwaƙwalwar Texas Instruments yake zama lafiya, kuma soka wayarsa mai fil shida a karkace alhali da wuta yana iya ƙona ramin. A bar shi. Katin PCIe yana da kyau ƙwarai amma na kwamfutar tebur ne kawai. Bluetooth kuma ba na ɗauka ba ne: jinkirinsa yakan haura milisakan 100, kuma da zarar ka kunna makirfon iyafis sautin ya faɗo zuwa ingancin kiran waya. Makirfo mai USB a jikinsa ya ishi mai karatu ko wa'azi shi kaɗai, matsalar tana zuwa ne ran da aka samu baƙo, domin kowane makirfo da nasa agogon, ASIO kuma na'ura ɗaya yake gani, sai muryoyin su riƙa zame wa juna a doguwar hira. Wannan ne ainihin gurbin da 2i2 ke cikewa: makirfo biyu, agogo ɗaya.

Yawancin ƙarar da ake ɗora wa USB daga ɗaya ɓangaren take shigowa, wato wayoyin da ke tsakanin akwatin da lasifika. Ramukan fita biyu na bayan 2i2 an yi su ne don jak mai zobe biyu, TRS. A cikin irin wannan wayar zare biyu ne ke ɗauke da sauti, kuma duk dattin da ya shiga a hanya yana shiga su biyun daidai wa daida, sai lasifikar ta ɗebe ɗaya daga ɗaya, dattin ya share kansa. Haka XLR, wayar makirfo mai fil uku, ke aiki, fil na 1 ƙasa, na 2 da na 3 sauti. Wayar gita mai zobe ɗaya tana shiga ramin daram, sauti ya fito, amma wannan kariyar ta tafi. Kafin ka biya kuɗin waya, ƙirga zoben baƙi a kan jak ɗin.

Ƙarar iri biyu ce, kuma kunne na iya raba su. Gurnani mai kauri da ba ya canzawa na wutar gida ne, haz 50, kuma a kan ƙaramin janareto za ka ji yana hawa yana sauka idan firij ya tashi. Yana zuwa ne idan kwamfuta da lasifika suna soket daban-daban, ƙasarsu ta bambanta, sai wata 'yar wuta ta riƙa zagayawa ta cikin wayar sauti. Ɗayar kuwa siririn tsiwa ne da ke canza murya idan ka motsa linzami, wannan dattin cikin kwamfuta ne ko na caja. Gwajin ba ya cin minti ɗaya: zare cajar laftof. Idan ƙarar ta ɗauke, ka san daga inda take. A mayar da komai kan soket mai tsawo guda ɗaya, a sa wayoyin TRS, a canza cajar jabu da ta asali, a raba wayoyin sauti da na wuta, in dole su haɗu su gitta juna maimakon su kwanta tare. In fiyano ko miksa ce ke kawo gurnanin, akwatin DI, da ake sawa tsakaninta da sawun-kad, mai maɓallin ɗaga ƙasa, yana yanke shi. Karya fil na uku na fulogi kuwa, kamar yadda wasu ke yi, yana iya kashe ƙarar, amma ya bar jikin kayan ba kariya, kuma makirfo ƙarfe ne da ke dab da leɓen mutum. Sannan a kula da 'yan na'urorin tace USB masu araha: yawancinsu megabit 12 kawai suke wucewa, 2i2 kuwa a layin 480 yake magana, don haka ba zai ma bayyana ba.

Akwatin yana da nasa gazawar. A wannan zubin an mayar da ramukan XLR baya, aka bar jak a gaba. Tebur ya fi tsabta, amma mai yawan canza makirfo zai gaji da lalube, kuma idan aka manta jak a ramin gaba, shi ke karɓe layin, makirfon baya ya yi shiru ana ta zargin waya. Maɓallin 48V ɗaya ne ga layukan biyu, saboda haka a yi hattara da tsohon makirfon ribon a gefen kondensa, don wutar 48V tana iya lalata shi. A soka makirfo tukuna, a sauke ƙarar lasifika, sannan a danna. Ramin hedfon ɗaya ne kuma abin da ke zuwa lasifika shi yake ji, ba za ka iya ba mawaƙi nasa haɗin daban ba. Babu ramin MIDI mai fil biyar, wanda ke haɗa fiyano da kwamfuta, wanda ba damuwa ba ne ga fiyano mai USB amma matsala ce ga tsofaffi. Babu kuma ramin ADAT, wayar hasken nan da ke ƙara layi takwas a kilohaz 48 ko huɗu a 96, ma'ana ranar da ka bukaci makirfo na uku, sai dai sabon akwati. Wannan tambayar, layi nawa zan bukata nan da shekara biyu, ta fi tambayar USB ko Thunderbolt amfani nesa ba kusa ba. A ɗaya hannun, Auto Gain yana sauraron sakan goma ya saita ƙarfin da kansa, Clip Safe yana rage shi idan mawaƙi ya ɓarke da ƙarfi ba zato, akwai kuma hanyar ɗaukar sautin da ke fitowa daga kwamfutar kanta, mai amfani ga masu hira ta Zoom ko shirin kai tsaye a Facebook.

Saitin da ake yawan mantawa shi ne na kilohaz. Aikin fim da bidiyo a 48 yake, kuma ya kamata manhaja, direba da saitin sautin Windows duk su tsaya a lamba ɗaya. Muryar da aka ɗauka a 44.1 aka karanta ta a matsayin 48 tana ƙara gudu da kusan kashi 9 cikin ɗari, ta sirance, ta bar bakin ɗan wasa a baya.

Da yake 2i2 na cikin na'urorin da aka fi saye, akwai jabunsa da kuma tsofaffin zubi da ake sayarwa da sunan sabo. Je shago da laftof ɗinka, da makirfon kondensa da hedfon. Zubi na huɗu XLR ɗinsa a baya suke, ramukan USB-C biyu ne. Shigar da lambar da ke ƙarƙashin akwatin a shafin Focusrite ka ga ko za ta karɓu, ka tabbatar Focusrite Control 2 ya gan shi, ka danna 48V, ka gwada layi na ɗaya da na biyu kowanne daban, sannan ka ɗan girgiza wayar USB a bakin ramin kana sauraro. Idan ya yanke, ramin ya saki, ka nemi wani.